Madubin James Webb da Na'urarsa ta Tsefe Haske: Abin da Suke Iya Gani da Inda Ikonsu Ya Tsaya

Tun watan Yulin 2022, lokacin da aka fitar da hotunan farko na madubin hangen nesa na James Webb, kusan duk labarin da ake bayarwa a kansa hoto ne ke jan ragamarsa: gajimaren ƙura masu launin ruwan zuma, taurari masu tsinin haske, da dubban ɗigo-ɗigo a cikin baƙin sarari. Hotunan sun cancanci yabon da ake yi musu. Sai dai mafi yawan lokacin da masana ke nema a kan wannan madubi ba don ɗaukar hoto suke nemansa ba, don tsefe haske ne, kuma abin da wannan aiki ke haifarwa zane ne mai layi ɗaya da ke hawa yana sauka, wanda ba zai ja hankalin kowa a shafin jarida ba. Daga irin wannan layi ne ake sanin nisan abu, da sinadaran da ke cikinsa, da zafinsa, da saurin tafiyarsa. Duk mai son fahimtar abin da Webb zai iya da abin da ba zai iya ba, dole ya duba madubin da na'urar tsefe hasken tare, domin kowanne yana ɗaure da iyakar ɗan'uwansa.

An harba Webb ranar 25 ga Disamban 2021 a kan rokar Ariane 5 daga Kourou, a yankin Giyana na Faransa da ke Kudancin Amurka, bisa haɗin gwiwar hukumomin sararin samaniya na Amurka da Turai da Kanada, bayan an kashe kimanin dala biliyan 10. Babban madubinsa yana da faɗin mita 6.5, an harhaɗa shi da ɓangarori 18 masu kusurwa shida-shida, waɗanda aka ƙera da ƙarfen beriliyom aka shafe su da zinariya. Madubin Hubble kuwa, wanda ya riga shi zuwa sararin samaniya, faɗinsa mita 2.4 ne. Mutane da yawa suna ɗauka cewa amfanin babban madubi shi ne ya ƙara wa abu girma a ido, alhali aikinsa na farko tara haske ne, kamar yadda faffaɗan baho ke tara ruwan sama fiye da kofi idan an ajiye su a tsakar gida ɗaya. Farfajiyar madubin Webb ta kai murabba'in mita 25, wato tana tara haske kimanin ninki shida na abin da Hubble ke tarawa. Wannan lissafi yana da nauyi ƙwarai ga aikin tsefewa, saboda na'urar ɗaukar hoto tana tattara hasken tauraro a wuri ɗaya, ita kuwa na'urar tsefewa tana baza shi a kan ɗaruruwa ko dubban wurare, kowane wuri ya samu ɗan kaɗan. Abin da ya fito sarai a hoto cikin 'yan mintuna yana iya cin awanni kafin a samu tsefaffen haskensa.

Abu na biyu shi ne irin hasken da aka gina madubin domin sa. Haske yana tafiya ne a matsayin igiya, kuma launinsa ya dogara da tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na gaba, abin da ake kira tsawon zango. Idon ɗan'adam yana ganin zango daga kimanin maikiron 0.4, inda shuɗi yake, zuwa maikiron 0.7, inda ja ya ƙare, kuma maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Webb yana aiki daga maikiron 0.6 zuwa sama da 28, ke nan kusan dukkan aikinsa yana cikin hasken infirared da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani. Zinariyar da aka shafa masa ma dalilinta ke nan, domin tana mayar da irin wannan haske da kyau matuƙa. Amma duk abu mai ɗumi yana fitar da hasken infirared, har da madubin kansa, don haka sai da aka kai shi nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, aka kuma kare shi da laima mai hawa biyar mai tsawon kimanin mita 21 da faɗin mita 14, wadda ke tare masa zafin rana da na duniya da na wata a lokaci guda. A bayan wannan laima sanyi yana wuce digiri 223 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: kaifin ganin madubi yana raguwa idan zangon haske ya ƙaru, saboda haka duk da girmansa, kaifin hoton Webb a maikiron 2 bai yi wa na Hubble a hasken da ido ke gani nisa sosai ba. Fifikonsa yana wajen ganin abu mai dushewa, da ganin hasken da Hubble ba ya kaiwa gare shi.

Asalin aikin tsefe haske tsoho ne. Bakan gizo hasken rana ne da ɗigon ruwa ya rarraba zuwa launukansa, kuma gilashi mai kusurwa uku yana yin haka a cikin ɗaki. A 1814 wani maƙerin gilashi Bajamushe, Joseph von Fraunhofer, ya baza hasken rana da kyau har ya ga ɗaruruwan baƙaƙen layuka sun ratsa launukan. Wajen 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka nuna cewa kowane sinadari yana shan haske ko fitar da shi a wasu zanguna keɓantattu da ba ya tarayya da wani a kansu. Ta wannan hanya aka ga alamar hiliyom a hasken rana a 1868, shekaru 27 kafin a ware shi a doron ƙasa, kuma da ita Cecilia Payne ta nuna a 1925 cewa haidurojin da hiliyom ne suka fi yawa a jikin taurari. Na'urar da ke yin wannan aiki ta kuma adana sakamakonsa ita masana ke kira sifektirograf.

Dukkan na'urorin kimiyya huɗu da ke cikin Webb suna iya tsefe haske ta wata fuska, amma wadda aka gina kacokan domin wannan ita ce NIRSpec, wadda kamfanin Airbus ya ƙera wa Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, cibiyar Goddard ta NASA kuma ta samar da wasu muhimman sassanta. Tana aiki daga maikiron 0.6 zuwa 5.3. Haske yana shiga ta siririyar kafa, a daidaita shi, ya faɗa kan abin da zai baza shi, sannan ya sauka a kan faranti biyu masu ƙidaya haske. Mai bincike yana da zaɓi uku na ƙarfin bazawa, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Akwai gilashi mai kusurwa wanda ke ɗaukar dukkan zangunan a kallo ɗaya, amma ƙarfin rarrabewarsa kusan 100 ne kawai, ma'ana layuka biyu da bambancin zangonsu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba za su cuɗe su zama ɗaya. Akwai kuma faranti masu ƙananan tsagi da ke ba da ƙarfin 1,000, da wasu masu ba da 2,700. Idan aka ƙara ƙarfin rarrabewa, layuka suna fitowa dalla-dalla, amma hasken yana ƙara bazuwa yana dushewa, kuma sai an yi kallo fiye da ɗaya kafin a rufe dukkan zangunan. Kowane allazi da nasa amanu. Wanda ke bin abu mai nisa da dushewa yakan haƙura da gilashin, wanda kuma ke son auna motsin iskar gas a cikin wani tarin taurari sai ya biya da awanni.

Sashen da ya fi burge ni a NIRSpec shi ne allon ƙananan ƙofofi da ke bakin shigar haske. An raba allon gida huɗu, kowane gida yana da ƙofofi 365 a tsaye da 171 a kwance, jimilla kusan 250,000, kuma kowace ƙofa faɗinta maikiron 100 ne, tsawonta 200, wato idan aka jera biyar bisa tsawonsu ba za su wuce milimita ɗaya ba. Kafin a fara kallo, wani hannu mai maganaɗisu yana share fuskar allon ya buɗe ƙofofin, sannan a sa wutar lantarki ta riƙe waɗanda ake so a buɗe, sauran su koma su rufe. Masanin da ya samu lokaci yana fara nazarin hoton yankin da zai duba, ya zaɓi abubuwan da yake so, manhaja ta lissafa masa ƙofar da kowanne zai faɗa a ciki, tare da tabbatar da cewa tsefaffen hasken wani bai hau kan na wani ba. Da wannan dabara ana iya tsefe hasken abubuwa ɗari ko fiye a kallo ɗaya, a cikin fili da bai wuce kashi ɗaya cikin tara na faɗin cikakken wata ba. Wasu ƙofofin sun maƙale a rufe, 'yan kaɗan sun maƙale a buɗe suna shigo da hasken da ba a nema ba, kuma an san wurarensu ana kauce musu. Tun da babu mai zuwa can ya yi gyara, wannan kaucewa ta zama ɓangaren aikin yau da kullum. Ban da allon, na'urar tana da wata hanya da ke yanka ɗan ƙaramin fili gida 30 ta tsefe hasken kowane ɗigo a cikinsa, yadda za a samu taswirar sinadarai a maimakon layi ɗaya. Da ita aka nuna a 2023 cewa kabon dayoksaid ya taru a yankin Tara Regio na Europa, ɗaya daga cikin watannin duniyar Mushtari, wadda ake kira Jupita.

Fagen da wannan na'ura ta fi nuna ƙarfinta shi ne auna nisan galaksi, wato manyan tarukan taurari irin wanda ranarmu take ciki. Sararin samaniya yana faɗaɗa, kuma hasken da ya daɗe yana tafiya a cikinsa zangonsa yana miƙewa, ya karkata zuwa ja. Masana suna bayyana wannan miƙewa da lamba guda: idan lambar 1 ce, zangon ya ninka sau biyu, idan 9 ce ya ninka sau goma. Haidurojin yana da wata alama a maikiron 0.1216, can cikin hasken da ke bayan shuɗi, kuma iskar haidurojin da ta cika sararin farko ta shanye kusan duk hasken da zangonsa ya gaza haka. Don haka tsefaffen hasken galaksi mai nisa yana da gaɓa inda yake yankewa kwatsam, kuma wurin da gaɓar ta faɗa shi ke nuna nisa. A watan Janairun 2024 NIRSpec ta kalli wani galaksi mai suna JADES-GS-z14-0 na kusan awa goma, aka ga gaɓar a wajen maikiron 1.86, abin da ya ba da lamba 14.32. Bisa lissafin da ya ƙiyasta shekarun sararin samaniya a biliyan 13.8, hasken ya baro galaksin ne kimanin shekara miliyan 290 bayan farawa. Daga baya tashar ALMA da ke Chile ta ga layin oksijin a wannan galaksi ta daidaita lambar zuwa 14.18, gyara ƙarami wanda ke nuna cewa layi siriri ya fi gaɓa ba da tabbaci. A 2025 aka sanar da wani, MoM-z14, mai lamba 14.44. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yawan irin waɗannan galaksi da ƙarfin haskensu a wannan zamani na farko, fiye da yadda lissafinsu ya yi hasashe.

Labarin CEERS-93316 ya fi kowane bayani nuna dalilin da ya sa hoto kaɗai bai isa ba. A 2022, makonni kaɗan da fara aiki, aka gano wannan ɗigo a hotuna, kuma bisa yadda ya bayyana a wasu matatan launi ya ɓace a wasu, aka ƙiyasta lambarsa ta haura 16, abin da zai sa ya zarce duk wanda aka sani. Da NIRSpec ta tsefe haskensa a 2023, sai lambar ta fito 4.9, wato galaksi ne na kimanin shekara biliyan 1.2 bayan farawa. Ƙura ce ta dusashe shuɗin haskensa, sannan wasu layuka masu ƙarfi na iskar gas suka faɗa daidai cikin matatan da ake aunawa, suka kwaikwayi siffar abu mai nisa. A wannan bincike ɗaya kuma aka tabbatar da wani da ake kira galaksin Maisie a lamba 11.4. Waɗanda suka yi ƙiyasin farko ba su yi laifi ba, domin sun kira shi ɗan takara ne mai jiran tabbaci, amma yawancin labaran da suka bazu sun riga malam masallaci.

Fage na biyu shi ne iskar da ta lulluɓe duniyoyin da ke kewaya wasu taurari. Webb ba ya ganin mafi yawansu a hoto, hasken tauraronsu yana binne su. Abin da ake yi shi ne a jira duniyar ta gitta ta gaban tauraronta, lokacin da ɗan kaɗan na hasken tauraron ke ratsa gefen iskarta kafin ya iso, a tsefe hasken kafin gittawa da lokacin gittawa da bayanta, sannan a cire wannan daga wancan. Inda wani sinadari ke shan haske, duniyar takan tare haske fiye da na sauran zanguna. A watan Yulin 2022 aka yi wa WASP-39b haka na kimanin awa takwas. Duniya ce ta iskar gas mai nisan shekarun tafiyar haske 700, nauyinta ya yi kusa da na duniyar Zuhal, wadda ake kira Satun, amma zafin da ya kai digiri 900 ya kumbura ta har ta fi Mushtari faɗi, kuma tana kewaya tauraronta cikin kwana huɗu. Sai ga tudu ƙarara a maikiron 4.3, shaida ta farko marar gardama ta kabon dayoksaid a wata duniya da ke wajen gidan ranarmu. Kusa da shi, a wajen maikiron 4, akwai wani ƙaramin tudu da ba a yi tsammani ba, wanda daga baya aka gane salfa dayoksaid ne, sinadarin da hasken tauraron ke haɗawa a saman iskar. A ganina wannan ƙaramin tudu ya fi babban daraja, domin babban an san za a same shi, ƙaramin kuwa na'urar ce ta tilasta wa masana su nemi bayaninsa.

Sai dai WASP-39b abu ne mai sauƙi: babba ce, mai zafi, iskarta a kumbure, tana rage hasken tauraronta da kusan kashi biyu cikin ɗari. Da wani zai kalli duniyarmu tana gitta gaban rana, ragin da zai gani kashi 84 ne cikin miliyan, kuma rabon iskarmu a ciki ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake bin ƙananan jajayen taurari irin TRAPPIST-1, mai nisan shekarun haske 40 da duniyoyi bakwai, inda ƙanƙantar tauraron ke sa alamar ta ƙaru. Amma irin waɗannan taurari suna da tabo da tartsatsi a fuskarsu, kuma tabon yana iya haifar da alamar da ta yi kama da ta iskar duniya ko ya ɓoye ta. Awon zafin da MIRI, na'urar Webb mai ganin zangunan da suka fi tsawo, ta yi wa duniyoyi biyu mafi kusa da tauraron a 2023 bai nuna iska mai kauri ba. Haka batun duniyar K2-18b, mai nisan shekarun haske 124, inda aka ga mitan a 2023 aka kuma ba da rahoton kabon dayoksaid. A Afrilun 2025 ayarin Nikku Madhusudhan na Jami'ar Kambirij ya sanar da alamar wani sinadari mai salfa wanda a duniyarmu ƙananan halittun teku ne ke samar da mafi yawansa. Ƙarfin alamar bai kai matakin da masana ke ɗauka a matsayin tabbaci ba, kuma wasu ayarin da suka sake nazarin bayanan sun nuna cewa wasu sinadarai, ko ma rashin kowace alama, suna iya dacewa da awon. Tushen matsalar yana cikin na'urar kanta: idan ƙarfin rarrabewa ƙarami ne kuma alamar tana dab da hayaniyar awo, sinadarai da dama suna ba da tudu masu kama da juna. Neman alamar rai tambaya ce da ta cancanci a bi ta da gaske, kuma saboda girmanta ne ya kamata a tsananta wajen karɓar shaida a kanta.

Akwai ayyukan da Webb bai dace da su ba sam. Ƙarfin rarrabewa na 2,700 yana bambance gudu ne na kimanin kilomita 110 a daƙiƙa, abin da ya isa a gane iskar gas mai kewaya baƙin rami, wato abu mai tsananin nauyi da ko haske ba ya kuɓuce masa, da gudun dubban kilomita, amma ba zai auna 'yar girgizar da duniya ke jawo wa tauraronta ba. Duniyarmu tana girgiza rana da gudun santimita 9 kacal a daƙiƙa. Irin wannan awo na na'urorin ƙasa ne, kamar HARPS da ke La Silla da ESPRESSO da ke Paranal, dukkansu a Chile, waɗanda ƙarfin rarrabewarsu ya haura 100,000, kuma ake ajiye su cikin ɗaki marar iska mai daidaitaccen sanyi, nauyin da roka ba za ta ɗauka cikin sauƙi ba. Su ne ke ba da nauyin duniyar da Webb zai tsefe iskarta, kuma idan ba a san nauyin ba fassarar tsefaffen hasken takan yi rauni. Haka kuma Webb ba ya ganin hasken da ke bayan shuɗi, wanda har yanzu Hubble ake dogara da shi a kansa. Ita kanta NIRSpec tana tsayawa a maikiron 5.3, don haka jan layin haidurojin na maikiron 0.656, wanda ake auna saurin haihuwar taurari da shi, yana fita daga hannunta da zarar lambar miƙewa ta wuce 7, sai a koma ga MIRI, wadda ake sanyaya ta zuwa digiri 266 ƙasa da sifili amma ba ta kai NIRSpec jin haske mai dushewa ba.

Iyaka ta ƙarshe lokaci ne. Cibiyar da ke tafiyar da ayyukan kimiyyar madubin a birnin Baltimore tana karɓar buƙatun da suka ninka awannin da ke akwai sau da yawa a kowane zagaye, kuma alƙalan da ke tantance su ba sa ganin sunayen masu nema. Harbawar ta yi daidai sosai har man da ya rage zai iya riƙe madubin a mazauninsa kimanin shekara 20, ko da yake a watan Mayun 2022 wani ɗan ƙanƙanin dutse ya bugi ɗaya daga cikin ɓangarorin madubin ya bar tabo da ba ya gyaruwa, abin da ya sa aka rage fuskantar da shi ɓangaren da irin waɗannan duwatsu suka fi fitowa. A ƙasa kuma Turai tana gina madubi mai faɗin mita 39 a kan dutsen Armazones na Chile, wanda zai tara haske fiye da ninki talatin na Webb kuma ya ɗauki na'urorin tsefewa masu ƙarfin rarrabewa da Webb ba shi da su, sai dai zai yi kallo ne ta cikin iskar duniyarmu, wadda tururin ruwa da kabon dayoksaid ɗinta ke toshe wasu daga cikin zangunan da NIRSpec ke gani a sarari, har da maikiron 4.3.